Magungunan da Muke Sha da Yadda Suke Aiki a Jikinmu

Da wuya mako ya wuce ba a ga ɗalibai sun yi layi a ɗakin shan magani na makaranta ba. Wannan ciwon kai, wancan zazzaɓi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san abin da ƙwayar magani take yi bayan mun haɗiye ta. Bari mu duba waɗanda likitoci suka fi rubuta mana.

Mu fara da farasitamol, wanda yawancinmu muke kira Panadol. Aikinsa shi ne rage zafin ciwo da saukar da zafin jiki. Ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Domin haka wanda yake da zazzaɓin cizon sauro, in ya sha farasitamol zai ji sauƙi na 'yan sa'o'i, amma cutar tana nan tana yaɗuwa cikin jini. Babban mutum yakan sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, sai bayan awa huɗu zuwa shida ya ƙara, kada kuma ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Dalili kuwa, hanta ce take sarrafa maganin, in ya yi mata yawa sai ya lalata ta. Abin tsoro shi ne mutum yana iya yin kwana ɗaya ko biyu bai ji wani abin kirki ba, alhali ɓarna ta riga ta soma. Magungunan mura da yawa suna da farasitamol a cikinsu, saboda haka mai haɗa su da Panadol yana ninka awo bai sani ba.

Asfirin da ibufurofen kuwa suna hana jiki yin wani sinadari mai kawo kumburi da zafi. Sai dai wannan sinadarin ne kuma yake taimakawa wajen kare bangon tumbi. Shi ya sa ake shan su bayan an ci abinci, mai gyambon ciki kuma ya nisance su. Ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin, sai in likita ne ya ce.

Inda muka fi yin kuskure shi ne wajen magungunan kashe ƙwayoyin cuta, watau su amoksisilin da tetarasaikilin. Alexander Fleming ne ya gano fenisilin a birnin Landan a shekarar 1928. Ƙwayar bakteriya tana da bango mai tauri da ya kewaye ta. Fenisilin da danginsa suna hana ta gina wannan bango, sai ta fashe ta mutu. Ƙwayoyin halittar jikinmu ba su da irin bangon, shi ya sa maganin yake kashe ta, ya bar mu. To, mura da yawancin tari na lokacin hunturu ba bakteriya ce take kawo su ba, bairus ne, shi kuwa ba shi da bangon da za a rushe. Wanda ya sayi kafso biyu a kemis domin mura ya zubar da kuɗinsa ne kawai. Ya kuma yi abin da ya fi wannan muni, gama duk lokacin da aka sha irin maganin nan ba bisa ƙa'ida ba, ƙwayoyin cuta marasa ƙarfi ne suke mutuwa, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Ranar da ciwo na gaske ya zo, sai maganin ya ƙi ci. In likita ya ce kwana biyar, to, kwana biyar ne, ba a rage saura a ajiye wa aboki a ɗakin kwana.

Su ma suna da nasu lahani. Sukan kawo gudawa, domin suna kashe har da bakteriya masu amfani da suke cikin hanji. Tetarasaikilin, kafson nan mai ja da rawaya, yana ɓata launin haƙoran ƙananan yara, ba a kuma ba mace mai ciki. Wanda ya sha fenisilin ya ga ƙuraje sun feso, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, sai a kai shi asibiti nan take, ya kuma riƙa faɗa wa kowane likita har iyakar ransa.

Iyayenmu sun san kulorokwin da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa mutum ya kwana yana susa. Ya yi aiki shekaru da yawa, har ƙwayar cutar maleriya ta saba da shi. A shekarar 2005 Nijeriya ta sauya zuwa magungunan haɗi masu atemisinin, irin su Coartem. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka fitar da sinadarin daga wani tsiro dangin tazargade a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Magani biyu ne a ƙwaya ɗaya: na farko yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da sauri amma ba ya daɗewa a jini, na biyu ya tsaya ya share sauran. Ana sha sau shida cikin kwana uku, tare da abinci mai ɗan maiƙo kamar madara ko gyaɗa, domin hanji ya tsotse shi sosai. Ba kowane zafin jiki ne maleriya ba, don haka a yi gwajin jini tukuna.

Kafin mu buɗe kowane kwali, mu duba ranar da maganin zai lalace, da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna. Wanda aka ƙirga mana cikin leda ba suna, ko wanda ya wuni a tire cikin rana a tashar mota, ba mu da hanyar duba ko ɗaya daga cikin biyun.