Ƙwan da ya ƙi fita

A nan Isawan kaza da zabo muka sani. Salwa baƙuwa ce a gidajenmu. Wadda ake kiwo a keji, asalinta daga ƙasar Japan take. A shekarar 1992 cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ta shigo da ita Najeriya, daga can ta bazu. Abin da ke jan mutane gare ta shi ne saurinta. Da ta yi mako 6 ko 7 a duniya sai ta fara ƙwai, kuma in ta samu kulawa takan yi fiye da 250 a shekara.

Ƙanwata ta sayo guda 12. Tana ba su gero da dusa safe da yamma, kamar yadda take yi wa kaji. Da fari ƙwai ya yi ta zuwa. Bayan ƴan makonni sai ta fara tsintar ƙwai mai laushi, ba ɓawo, sai fata kurum. Wata safiya ta tarad da ɗaya a lungu, ta saki fukafukai, tana ta yunƙuri, ba abin da ya fito. Kafin azahar ta mutu. Maƙwabta suka ce baki ne. To, ba baki ba ne, yunwa ce, ko da yake kwanon cike yake da hatsi.

Ga yadda abin yake. Ɓawon ƙwai da sinadarin kalsiyam ake yinsa, wato irin wanda ke cikin ƙashi da alli. Gero da dawa da dusa ba su da shi sai ɗan kaɗan. Salwa kuwa ƴar mitsitsiya ce, ba ta cika wuce giram 150 ba, amma ƙwanta giram 10 ne, kuma kusan kullum sai ta yi. In ba ta samu sinadarin a abinci ba, sai jikinta ya riƙa ɗiba daga ƙashinta. Ƙafafu su yi rauni, ɓawo ya yi laushi, naman da ke turo ƙwai waje shi ma ya rasa ƙarfi. Nan ne ƙwai ke maƙalewa. Wani lokaci ma garin yunƙuri sai dubura ta fito waje ja wur, sauran su taru suna sara.

Maganin kuwa yana bayan ɗakinmu. Kada a zubar da ɓawon ƙwai. A wanke, a gasa bisa garwashi, a dake shi, don kada su gane shi su koyi fasa ƙwansu. Ƙashin da aka ci nama aka bari, a ƙona shi har ya yi fari, a dake. A zuba garin cikin gwangwanin tumatir a ajiye musu daban. Wadda ke bukata za ta ci da kanta. Mai son gauraya wa abinci, sai ya sa babban cokali 4 a kilo 1. Kilo 1 kuwa abincin salwa 40 ne na yini guda, domin kowace takan ci kamar giram 25.

Hatsi kaɗai ƙiba yake sawa, kuma mai kitse ma ƙwai na ba ta wuya. A haɗa mata da tunkuza marar gishiri da yaji, da ganyen zogale, da gara. Kamun gara ai ba sai an koya mana ba, mun saba yi wa ƴan zabi. Kuma a bar hantsi ya riƙa shiga kejin, don in ba rana jiki ba ya cin amfanin kalsiyam sosai. Fitilar da wasu ke bari har asuba don ƙwai ya ƙaru, ni dai ban ga ribarta ba: tsuntsuwa ce ke ƙarewa.

In ƙwai ya riga ya maƙale, a ware ta a wuri mai ɗumi, marar haske, a ajiye mata ruwa. A tsoma gindinta cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci, a shafa man gyaɗa a bakin dubura. Kada a matsa cikin! In ƙwan ya fashe a ciki, da wuya ta tashi.

Amma a lura. Wannan matsala ɗaya-ɗaya take ɗauka, kuma mata kaɗai. In aka ga maza da mata, kaji da zabi, suna faɗuwa tare cikin kwana biyu, wannan ba zancen abinci ba ne. Murar tsuntsaye ta taɓa shiga Magariya a 2006. Kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, kada a bar yara su taɓa mushen. A je a faɗa wa ma'aikacin dabbobi a Mayahi ko Tasawa tun ranar.