Darasi: Wace Ƙara Za Mu Kai Ina?

'Yan'uwa manoma, sau da yawa mukan ɓata kuɗin mota daga Kongolam zuwa Katsina da takardar kuka a aljihu, mu komo hannu wofi. Dalili kuwa shi ne ba mu san ƙofar da ya kamata mu ƙwanƙwasa ba.

A shekarar 1975, zamanin Janar Murtala Muhammed, aka kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Aikinta shi ne binciken rashin adalcin da ma'aikatu, ƙananan hukumomi da kamfanoni suka yi wa mutum. Tana da ofis a Katsina, kuma ba a biyan ko kwabo.

Misali, mutum yana haya a gidan ƙaramar hukuma, yana biya kowane wata, amma rufi yana yoyo an ƙi gyarawa, ko an kore shi ba bisa ƙa'ida ba. Wannan kuka ne da Hukumar za ta duba. Amma doka ta sa mata iyaka:

1. Ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu.
2. Sai mai kuka ya fara bin hanyoyin da aka tanada, watau ya kai kukansa ga masu gidan tukuna.
3. In wata 12 suka wuce bayan faruwar abin, ta rufe ƙofa.
4. Sai wanda abin ya shafa da kansa zai kai kuka.
5. Shawara take ba hukumar da ta yi laifi, ba hukunci take yankewa kamar alƙali ba.

To, ina batun maƙwabci? In indararonsa yana zuba a katangarmu, ko awakinsa sun ci mana wake, wannan ba laifin ofis ba ne, ko da gidajen duka na hukuma ne. Matiyu sura 18 ta koya mana mu fara zuwa wurin ɗan'uwa mu kaɗai, sa'an nan mu je da shaidu, daga bisani dattawan ikilisiya. In maƙwabcin Musulmi ne, mu nemi dattijon da dukanmu muke ganin girmansa. In ta ƙi, akwai mai unguwa, dagaci da hakimi. Kotu ita ce ta ƙarshe, gama shari'a takan ƙare, amma zama tare yana nan.

Saboda haka mu adana kowane rasit, mu rubuta kuka da kwanan wata, mu bar kwafi wurin magatakardan ƙungiya. Kada mu yi ta haƙuri har shekara ta zagayo.

Tambayoyi domin taro:

1. Wane kuka ne a cikinmu ya kusa cika wata 12?
2. Su wa za mu zaɓa su riƙa sulhunta mu da maƙwabta kafin damina?