Haƙƙin Kurame A Kan Masu Huɗuba Da Masu Tafsiri

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi waɗansu bayin Allah da ke tsayawa sahu ɗaya da mu kowace Jumma'a, a masallatan Tudun Jukun da Tudun Wada har cikin birnin Zazzau, sa'an nan su koma gida ba su san abin da liman ya faɗa ba. Su ne kurame da masu nauyin ji. Lasifika ba ta amfane su da kome, tafsirin da gidajen rediyo ke watsawa da azumi kuwa bai taɓa isa gare su ba.

Kada a zaci su kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa mutum miliyan 430 ke fama da rashin ji mai tsanani. A ƙasarmu ta Arewa, sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunnen da ba a yi wa magani da wuri ba sun kurmantar da yara masu yawa. Sanƙarau na 1996 kaɗai ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, cikin waɗanda suka tashi kuwa akwai waɗanda suka tashi ba ji. Ga kuma dattawan da tsufa ya rage wa ji, suna jin kunyar faɗi.

To, mene ne matsayin kurma a shari'a? Mukallafi ne, watau salla da azumi da zakka duk suna kansa. Ishararsa kuma magana ce. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Zakariyya, wanda ya yi kwana uku ba ya yi wa mutane zance sai da ishara. Imamu Buhari ya ƙulla babi a Kitabul Ilmi a kan amsa fatawa da nunin hannu ko na kai. A cikin Muhtasar, Shehu Halilu ya tabbatar da cewa saki yana aukuwa da isharar da aka fahimta, ana kuma karɓar shaidar kurma a kan aikin da ya gani da idonsa. Sai mu tambayi kanmu: mutumin da shari'a ke zartar da sakinsa, take karɓar shaidarsa, a ina zai koyi hukuncin saki da na shaida in mun kulle ilmi a cikin murya kaɗai?

Rubuta huɗuba domin mai bukata ma yana da asali. A shekara ta 8 bayan Hijira, lokacin buɗe Makka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi huɗuba. Wani mutumin Yaman mai suna Abu Shah ya tashi ya roƙi a rubuta masa ita, Annabi kuwa ya yi umurni aka rubuta. Buhari da Muslimu sun ruwaito wannan. Abu Shah da kunnensa ya ji, duk da haka aka biya masa bukata. Ina ga wanda bai ji ko kalma guda ba?

Kurumta ba ta hana malanta. Muhammadu ɗan Sirina, babban tabi'in Basra da ya rasu a shekara ta 110, yana da nauyin ji. Abul Abbas na Naisabur, wanda ya rasu a 346, da laƙabin Al-Asammu, watau kurma, ya shahara, kuma malaman hadisi sun yi ta niƙo gari zuwa gare shi shekaru masu yawa.

Abin yi a nan iri uku ne. Na farko, kwamitin masallaci ya nemi liman ya ba da taƙaitacciyar huɗubarsa da Hausa, da boko da ajami, a liƙa a ƙofa ko a rubuta a allo kafin a taru. Na biyu, samarin da ke ɗaukar hoton tafsiri suna sawa a Facebook da YouTube su riƙa rubuta maganar malam a ƙasan hoton, tana tafiya tare da bakinsa. A Amurka an fara irin wannan a talabijin tun 1972, yau kuwa da wayar hannu ana yi. Na uku, a sami mai fassara da hannu, domin ba kowane kurma ya yi karatu ba. A lura kuma, kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu na gado da ake kira maganar hannu, ya kuwa bambanta da isharar makaranta mai asali daga Amurka, irin wadda ake koyarwa a makarantu kamar ta Tudun Maliki a Kano, da aka buɗe a 1977. Saboda haka a tambaye su wadda suka fi ganewa, kada a yanke musu.

Wani zai ce, ai an hana magana da nuni liman yana kan mumbari. Gaskiya ne malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kan yin shiru. Wanda ya ji shakka, sai a yi fassarar a lokacin wa'azin da ake gabatarwa kafin huɗuba, ko a zauna da su a gefe bayan sallama. Tafsiri da karatun zaure da makarantun Islamiyya kuwa, babu wani hani a cikinsu ko kaɗan.

Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu a watan Janairu na 2019 Miladiyya. Mu kuwa tun saukar Suratu Abasa, a kan makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum, aka hore mu kada mu kau da kai daga mai naƙasa da ya zo neman ilmi. Isar da addini ga kurame farilla ce ta kifaya: in wasu sun yi sun ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya ɗau alhaki. Limamai da masu hali na unguwa, ku fara ƙidaya kuramen masallacinku tun Jumma'a mai zuwa.

Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, ya gafarta mana, amin.