Bambancin Injin Fetur Da Injin Dizal, Da Tasirinsa Ga Jarin Manoma Da Masu Niƙa A Karasuwa

A ƙaramar hukumar Karasuwa, wadda ke tsakanin Nguru da Gashuwa a arewacin Jihar Yobe, sana'o'i da dama da ke kawo kuɗi sun dogara ne ga inji. Manomin rani yana ban ruwa da ƙaramin inji mai shan fetur. Mai niƙa a Jajimaji kuwa akasari da injin dizal yake aiki, wato man da aka fi sani da gas, kamar yadda manyan motocin da ke kwasar hatsi da dabbobi zuwa Kano da kudancin ƙasar nan ke yi. Zaɓi tsakanin injunan biyu magana ce ta jari, domin duk wanda ya sayi injin da bai dace da aikinsa ba, ribarsa a gidan mai za ta ƙare.

Yadda injunan ke aiki

Injunan biyu daga Jamus suka samo asali. Nikolaus Otto ne ya ƙera injin nan mai matakai huɗu a shekarar 1876, wanda a kan tsarinsa ake gina injunan fetur. Shi kuwa Rudolf Diesel a shekarar 1897 ya yi nasarar tayar da injin da ake kira da sunansa, a birnin Augsburg.

A cikin kowannensu akwai fistin da ke hawa da sauka a cikin silinda. Matakin farko shi ne shaƙar iska, na biyu matse ta, na uku ƙonewar mai wadda ke tunkuɗa fistin da ƙarfi, na huɗu kuma fitar da hayaƙi. Inda suka rabu shi ne hanyar da wuta ke kama man.

A injin fetur, ana gauraya mai da iska tun kafin a matse su. A ƙananan injunan ban ruwa da babura kafireto ne ke wannan aiki. Bayan fistin ya matse haɗin, sai fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama. Ba a iya matse haɗin fiye da kima, domin zai kama da kansa tun lokaci bai yi ba, ya yi wa inji lahani. Saboda haka yawanci matsin ba ya wuce ninki 8 zuwa 12.

Injin dizal ba shi da irin wannan fulogi. Iska zalla yake shaƙa, ya matse ta ninki 15 zuwa sama da 20, har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. A daidai wannan lokaci ne nozil ke fesa man, zafin iskar kaɗai ya kunna shi.

Abin da bambancin ya haifar

Gwargwadon ƙarfin matsi, gwargwadon aikin da inji ke tatsa daga mai. Injin fetur yakan mayar da kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ƙarfin da ke cikin man zuwa aiki, saura ya tafi a zafi da hayaƙi. Injin dizal yakan kai kashi 35 zuwa 40, wani lokaci ma fiye. Bugu da ƙari, litar dizal ta fi litar fetur ƙarfi da sama da kashi 10 cikin ɗari. Wannan ne ya sa injin dizal ke yin aiki iri ɗaya da ɗan'uwansa da mai kaɗan.

Sai dai jure wannan matsi na bukatar ƙarfe mai kauri. Don haka injin dizal ya fi nauyi, ya fi ƙara, ya kuma fi tsada a kasuwa, amma yakan fi daɗewa, yana kuma da ƙarfin jan kaya ko da yana juyawa a hankali. Abin da ya sa ya dace da injin niƙa da tarakta da tirela ke nan. Injin fetur kuwa ba shi da nauyi, yana da araha, kuma kusan kowane bakaniken babur na iya gyara shi, alhali famfo da nozil na dizal sai ƙwararre.

Dalilin yaɗuwar injin fetur a fadama

Gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, dukansu a Jihar Kano, ya rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗejiya da Nguru, abin da ya ƙara wa manoma bukatar ɗaga ruwa da inji. Shirin raya fadama na ƙasa, wanda aka fara a 1993 da rancen Bankin Duniya, ya yaɗa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi tare da ƙananan injunan fetur a jihohin arewa. Manomin albasa ko tattasai ko shinkafa na iya ɗora irin wannan inji a babur ko amalanke, ya kai shi gona da safe, ya komo da shi gida da yamma don gudun ɓarayi. Kazalika fetur na da rahusa a wancan zamani saboda tallafin gwamnati.

Lissafin da ya kamata a yi

A misali, a ce injin fetur zai sha lita 4 a wani aiki, na dizal kuma lita 3 a aikin. Kuɗin man zai zo daidai ne idan farashin litar dizal ya ɗara na fetur da kashi ɗaya cikin uku. Muddin tazarar ba ta kai haka ba, mai dizal ne ke da sauƙi. In ta wuce haka, sauƙin ya koma wajen mai fetur.

An ga wannan a fili a 'yan shekarun nan. Gwamnati ta daɗe da janye hannunta daga ƙayyade farashin dizal. A shekarar 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu, har lita ta kai kusan naira 800, alhali farashin gwamnati na fetur bai kai naira 200 ba. A lokacin, tsimin man da aka san injin dizal da shi bai tsinana wa masu niƙa da direbobin manyan motoci komai ba. Da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura naira 500 a cikin 'yan kwanaki, tazarar ta ragu, nauyin kuma ya faɗo kan manoman rani.

Abu na biyu shi ne yawan sa'o'in aiki. Ƙarin kuɗin da aka biya wajen sayen injin dizal, daga tsimin mai ake mayar da shi sannu a hankali. Injin niƙan da ke aiki kullum a tsawon shekara yakan mayar da kuɗin da wuri. Injin ban ruwan da ke aiki sa'o'i kaɗan a watannin rani kawai yana iya tsufa bai mayar ba. Wannan ne ya sa dizal ya fi dacewa da ƙungiyar manoma da ta haɗa jari don shayar da fili mai faɗi, fetur kuwa da mai ƙaramar gona shi kaɗai. Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, wanda ya fara samun karɓuwa tun bayan janye tallafin, a kan wannan ma'auni ake auna shi: tsada a wajen saye, sauƙi a wajen aiki.

Kiyaye jarin

Dizal na da maiƙo, kuma shi ne ke shafe famfo da nozil. Zuba fetur a injin dizal, ko yin amfani da man da aka gauraya da kananzir mai yawa, yana cinye waɗannan sassa masu tsada. Ruwa ko datti a cikin man ma haka yake yi, don haka sayen mai a galan a bakin hanya kasada ce, kuma tace shi kafin a zuba wajibi ne. Zuba dizal a injin fetur kuwa yana ɓata fulogi, ya hana inji tashi.

Fetur yana tashi a iska ko da cikin sanyi, tururinsa kuma na kama wuta nan take, alhali dizal sai ya ɗau zafin sama da digiri 50 kafin ya yi haka. A yankin da zafin bazara ke haura digiri 40, ajiye fetur a ɗakin kwana ko kusa da murhu ganganci ne. Har ila yau, ƙurar hunturu da rairayin arewacin Yobe na cin silindar kowane irin inji. Wanke matatar iska da canza baƙin mai a kan lokaci sun fi sayen sabon fistin sauƙi nesa ba kusa ba.