Yadda Ake Sa Katin Hoto a Kwamfuta

'Yan'uwa ɗalibai, a hutun bana na sa wa kwamfutar shagon kawuna da ke Potiskum katin hoto, wato na'urar da ke aika hoto zuwa allo. Da ita kawu ke samun kuɗin makarantata.

Da farko kashe kwamfutar, zare wayar wuta, taɓa ƙarfen akwatinta don sauke lantarkin jikinka. Sannan danna katin cikin dogon ramin PCI Express har ya zauna daram, ka ɗaure da noti.

Ni da na kunna, allo baƙi ƙirin! Gabana ya faɗi. Ashe wayar allon na bari a tsohon gurbinta. Ina mayar da ita jikin katin, sai ga hoto.

Don haka, kafin ka zargi kati, duba waya.