Fulawa mai yaɗo da iskar ɗakin manomi

A wani gida da ke wajen Malumfashi, matar gidan ta rataye tsohuwar robar fenti a gefen taga, reshen fulawa ya zubo daga cikinta har ya kusa taɓa ƙasa. Ganyen kore shar, da ɗishi-ɗishin rawaya, faɗinsa kamar tafin hannun yaro. Ta ce wa mai wannan rubutu, wanda aikin malamin gona ya kai shi gidan, ɗanta ne ya kawo mata daga Zariya, kuma ya tabbatar mata tana tsotse dattin iska. Ƙasa da robar, jingine da bango, buhunan wake ne guda huɗu da aka jefa wa ƙwayar maganin ƙwari da ake kira bom. A ɗakin take kwana da jikokinta.

Shukar ba ta da laifi. Sunanta na kimiyya Epipremnum aureum, Turawa na ce mata pothos, asalinta kuma tsibirin Moorea ne a tekun Fasifik. Da wuya a sami shukar ɗaki mai haƙurinta. A yanki reshe mai gaɓa biyu ko uku, a tsinke ganyen ƙasa, a tsoma a kwalbar ruwa, cikin sati biyu zuwa uku saiwa ta fito fara fat. Daga nan sai a mai da ita tukunya ko roba da aka huda wa gindi, cikin ƙasar da aka gauraya da yashi da ruɓaɓɓen takin gida. Wanda ya iya dasa dankali ya iya wannan.

Abin da ke kashe ta a ƙasarmu biyu ne: yawan ruwa da rana tsaka. Mutanenmu sun saba da masara da dawa masu son rana, sai su fitar da ita tsakar gida a watan Afrilu, ganyen ya ƙone cikin kwana biyu. Inuwa mai haske take so, kusa da taga ko ƙarƙashin rumfa. Ruwa kuwa sai an tura yatsa an ji ƙasar ta bushe. Da hunturu, lokacin da ƙura ke lulluɓe Funtuwa da Bakori da Kafur, a riƙa goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda ya bar ta a kwalba ya sauya ruwan duk bayan kwana uku ko huɗu, kada ya kiwata sauro da hannunsa. A kuma rataye ta inda yaro ba zai kai ba, domin ruwan ganyenta yana ƙona baki da maƙogwaro in an tauna, haka yake yi wa kyanwa.

To maganar tsotse dattin iska fa? Tushenta wani bincike ne da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1989 ƙarƙashin jagorancin B. C. Wolverton. An sanya shuke-shuke, har da wannan, cikin ƙananan akwatuna rufaffu, aka ga sinadarai irin su benzin sun ragu. Gaskiya ne, amma akwati rufaffe ba ɗakin kwana ba ne. A 2019 masana biyu na Jami'ar Drexel, Michael Waring da Bryan Cummings, suka bi diddigin binciken da aka yi shekara da shekaru, suka lissafa cewa sai an jera shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin a kamo abin da shige da ficen iska ke yi a gini. Ma'ana, taga ɗaya a buɗe ta fi tukunya da yawa aiki.

Nan ne hankalin malamin gona ke tashi, domin abin da ke gurɓata iskar ɗakunanmu ya fi ƙarfin ganye. Ƙwayar bom, da zarar ta haɗu da danshi, tana sakin iskar fosfin, wadda ke kashe ƙwarin hatsi, ta kuma kashe mutum. Buhun roba ba ya tare ta. Bayan kaka, da rumbu ya cika ko tsoron ɓarayi ya kama mai gida, sai amfanin gona ya koma ɗakin kwana tare da maganinsa. Ga fiya-fiya da ake yayyafawa a rufe ƙofa a kwanta. Ga kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki da sanyin Janairu, ga janareta a bakin taga, dukansu suna fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ko launi, mutum ya yi barci ya zarce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, akasari saboda hayaƙin girki.

A wancan gidan, ba a taɓa robar fentin ba. Buhunan aka fitar zuwa wani ɗaki da ba a kwana, aka kuma shawarci mai gidan ya nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke shaƙe ƙwari ba tare da magani ba. Matar gidan ta yanko reshe biyu ta bai wa baƙonta, kuma sun kama.

Don haka a shuka ta. Tana ƙawata ɗaki, tana sanyaya ido bayan wuni a gona, yara ma suna koyon kula da abu mai rai. Amma duk wanda ya ajiye hatsi mai bom inda iyalinsa ke kwana, ya fitar da shi yau, kafin dare ya yi.