Darasi na 9: Mayar da Lambobin Kwastomomi da Saƙonni Zuwa Adireshin Ƙungiya

Manufa: Kowace mamba ta san yadda za a kwashe bayanan cinikinmu daga wayar mace ɗaya zuwa hannun ƙungiya, ba tare da an rasa ko ɗaya ba.

Me ya sa za mu yi wannan?

Yawancin ƙungiyoyi idan suka fara sayar da man gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko sabulu, da layin sakatariya suke farawa, don ita ce mai babbar waya. Sannu a hankali sai masu sari su riƙe lambarta, saƙonnin banki kuma su riƙa shiga imel ɗinta. To, ranar da aure ya kai ta wani gari fa? Ko aka sace wayar a kasuwa? Wanda muke bi bashin jarka biyar, babu mai lambarsa. Mai neman kaya ya kira bai samu ba, ya tafi wajen wasu. Akwatin kuɗinmu makulli uku gare shi, kowanne a hannun mace daban. Lambobin kwastomomi ma dukiya ce, su ma a tsare su haka.

Matakai

1. A sayi layin ƙungiya. A Najeriya dole a haɗa layi da lambar NIN ta mutum, don haka a zaɓi wadda za ta yi rajistar a gaban taro, a rubuta a littafi cewa layin na ƙungiya ne. A riƙa amfani da shi, domin layin da ya daɗe a ajiye kamfani kan karɓe shi ya ba wani.

2. A buɗe adireshin Gmail da sunan ƙungiya. Kyauta ne. Inda aka nemi lambar waya, a sa sabon layin. A riƙa leƙawa, don Google na iya share adireshin da aka shekara 2 ba a shiga ba.

3. A tankaɗe kafin a kwashe. A wayar sakatariya akwai lambobin danginta da ƙawayenta, waɗannan ba ruwanmu da su. Mata biyu su zauna da ita, su rubuta kwastomomi kaɗai a littafi: suna, gari, lamba, kayan da yake saye, da bashin da ke kansa.

4. A shigar da lambobin. Duk lambar da za a adana, waya kan ba da zaɓin inda za a ajiye ta. A zaɓi adireshin Gmail na ƙungiya, kada a zaɓi sim ko cikin waya. Ta haka, ko wayar ta faɗa rijiya, da an shiga adireshin a wata waya za a tarar da su.

5. A tura muhimman saƙonni ɗaya bayan ɗaya: rasit, yarjejeniya, takardun banki. Sannan masu sa hannu su je banki su nemi a canja imel da lambar da alat ke shiga.

6. A buɗe WhatsApp Business da sabon layin. Kada a bi hanyar canja lamba da ke cikin WhatsApp, domin za ta kwaso duk hirarrakin sakatariya, ta kuma rufe nata. Ita da kanta ta tura saƙon murya daga tsohuwar lambar ta sanar da sabuwa. Muryar da suka sani ita za su yarda da ita.

7. Kada a yi gaggawar sharewa. A ƙirga tukuna: in lamba 60 ce a littafi, a ga 60 a sabon adireshi. A ba da kamar wata uku, duk wanda ya kira tsohon layi a maimaita masa sabon.

Kalmar sirri

Mata biyu su san ta. A rubuta a takarda, a liƙe a ambulan, a sa a akwati. Duk sa'ad da aka sauya shugabanni, a canja ta a ranar. In wani ya kira ya ce a karanto masa lambobi 6 da suka shigo waya, a kashe kiran, ɗan damfara ne, ko da ya ce daga banki yake. Lambar kwastoma kuma amana ce, ba a ba wani sai da izininsa. Najeriya ma ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023.

Tambayoyi don tattaunawa

- Yau in wayar sakatariya ta ɓata, kwastomomi nawa za mu iya samu?
- Su wa muka amince su riƙe kalmar sirri, kuma don me?

Aiki kafin zama na gaba: Kowace mamba ta zo da suna da lambar duk wanda ke sayen kayan ƙungiya ta hannunta.